Fiton 'Yar Fari

Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar farinsa, shi kuwa mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari irin ta ainihi. Ƙannena duk gatsal yake kiransu, Rilwanu, Turai, Mubashir, har da tsawa idan sun yi laifi. Ni kuwa in zance ya biyo ta kaina sai ya ce "waccan yarinyar", ya kawar da kai kamar an kama shi da wani abu. Ko baƙo ne ya ce, "Alhaji Sanda, ya labarin Maimuna?" sai ka ga ya shiga gyaran hula, ya ce ana zafi bana, ko da kuwa tsakiyar damina ne.

Amma dole uba ya kira 'yarsa ta kawo masa ruwa, don haka ya yi mini fito. Gajere ne. Ya hau sama sau biyu, ya ɗan tsaya, sannan ya gangaro a hankali kamar mai saukowa daga bene. Duk inda nake a gidanmu na Kaduna, da na ji shi na san da ni ake. Inna, Allah ya jiƙanta, ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce fito kiran aljanu ne, kuma duk ranar da ta ga ni, 'ya mace, na tsuke baki zan mayar masa, sai ta fasa bakin. Shi ke nan aka zauna a haka, shi ya yi fito, ni in ce na'am.

Fiton ba daga sama ya faɗo ba. Kafin Baba ya zama Alhaji mai carbi da sahun gaba, mabushin ƙaho ne, ƙahon nan na tagulla mai maɓallai uku. A badujalar 'yan sanda ya koya, daga baya ya koma wata babbar ƙungiyar kiɗan jaz ta ma'aikatan reluwe, Zakarun Tasha, masu wasa duk Asabar a wani zaure da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Sun kusa mutum ashirin, kowa da farar kwat. Masu saksafon a zaune a gaba, masu dogon ƙahon nan da ake zugewa a tsakiya, su Baba a tsaye a baya. Ga mai ganguna, ga mai piyano, ga wani dogon mutumin Ghana rungume da wata ƙatuwar garaya da ta kai tsawonsa. Akwai Bahaushe, akwai Bayarabe, akwai Tibi da Ibo, kuma Baba ya ce babu wanda ya taɓa tambayar wani garinsu, kunnenka kawai ake dubawa.

Faifai ɗaya tak suka taɓa yi. Ran Lahadi da safe, in Inna ta tafi kasuwa, sai Baba ya jawo garmaho daga ƙarƙashin gado ya ɗora faifan. Ba zai ce in zo ba, ba zai ce in tafi ba. Sai ya riƙa yi wa bango bayani, ni kuma ina bakin ƙofa ina kwasa.

"Saurara," zai ce wa bangon. "Masu ƙaho sun yi tambaya. To ji, masu saksafon sun ba su amsa. Wannan kiɗan hira ce. Mutum ashirin na magana kuma babu mai katse ɗan'uwansa."

Wallahi gaskiya ya faɗa. Har yau ban ji abin da ke cika mini ƙirji kamar lokacin da ƙahonin nan suka taso gaba ɗaya ba, ganguna na tura su daga baya, garayar nan na takawa dum, dum, dum, ba ta sauri ba ta nawa. A tsakiyar faifan kowa sai ya yi ƙasa da murya, ƙaho ɗaya ya miƙe shi kaɗai. Baba ne. Abin da yake busawa kuwa fitona ne. Inna ce ta gaya mini asalinsa da na girma: a makon da aka haife ni aka ɗauki faifan, kunya ta hana shi gaya wa abokansa an yi masa haihuwa, sai ya miƙe ya busa musu. Na sa an juye mini faifan a waya, kuma shi nake ji a jirgin metro duk ranar da Dubai ta ishe ni.

A wani kantin magani nake aiki a unguwar Al Muraqqabat ta Dubai, kuma a unguwar nake zaune, ni da wata ɗaliba 'yar Zariya mai suna Mahfuza. Bayan rasuwar Inna ne mantuwa ta kama Baba. Ga ciwon suga, ga yanar ido. Na ɗauko shi aka yi masa aikin idon, muka tsaya ganin likitan ƙwaƙwalwa. Da za mu taho ya kafe sai an sa masa tsohuwar farar kwat ɗinsa a akwati, da bakin ƙahonsa, ɗan ƙarfen nan mai kamar mazurari da ake ɗora wa leɓe. Ƙahon kansa ya daɗe da bayarwa, tun shekarar da ya sauke farali.

Tun da muka sauka Dubai bai yi mini fito ba. Sau biyu ina yi masa allura ya ce, "Na gode, Sista," da ladabin da ake yi wa baƙo. Abin ya tsaya mini a rai. Sai na koma cire katin sunana na wurin aiki tun daga matakala, in jefa a jaka kafin in shiga. Idonsa ya warke, yana karanta komai da ƙarfi, har rubutun kwalin madara. Ina tsoron ya dubi ƙirjina ya karanta sunan nan tar, babu ko gezau. Ranar da Baba ya faɗi sunana, na san ya manta ko ni wace ce.

Ran da abin ya faru watan Agusta ne. Wanda bai san Agustan Dubai ba gara ya yi shiru in ana zancen zafi. Da safe na yi masa allurar insulin, ya kurɓi shayi, ya gutsiri burodi, ya ce sauran sai an jima. Na ja wa Mahfuza kunne cewa lallai ya ci abinci kafin azahar, na tafi aiki.

Ana shirin kiran azahar wayata ta yi ƙara.

"Anti Maimuna, Baba yana wurinki?"

"Wurina kamar yaya?"

"Wanka kawai na shiga, wallahi. Na fito na ga ƙofar flat a buɗe. Na duba matakala, na duba ƙasa, mai gadi ya ce ya je cin abinci bai ga kowa ba."

"Baba ya ci abincin?"

Ta ce, "Yana nan a rufe yadda na ajiye."

Ban san abin da na gaya wa yarinyar nan ba, amma na san ba mai daɗi ba ne. Na tambaye ta me ke jikinsa, ta ce jallabiyarsa ruwan toka da hula. Wayarsa tana kan gado. Na dumbuzi 'yan ledojin zuma daga kan kanta na zuba a jaka, na fice ko sallama ban yi wa mai kantin ba.

Na kira 'yan sanda, suka zo da wuri, suka karɓi hotonsa, suka ce za su duba kyamarori su tambayi asibitoci. Sannan na kira Alhaji Mijinyawa, wani ɗan kasuwar Kano mai ofishin kago na aika kaya gida a kusa da mu, wanda suke haɗuwa da Baba a masallaci. Babu lungun Deira, yankin da unguwarmu take, da ba shi da mutum a ciki. Kafin in rufe baki ya tura saƙon murya ga duk Bahaushen da ke garin da rabin masu shagunan unguwar, ya ce tsoho ne mai jallabiya ruwan toka da hula da carbi, Hausa kawai yake ji, sunan 'yarsa Maimuna. Ya ce in bi ta masallatai, shi zai bi ta kasuwa.

Na fita. Iskar waje kamar ka buɗe murfin tukunya ka sa fuska. Tituna fayau, ko leburori an sallame su, saboda doka ta hana aiki a rana a irin wannan lokacin. Mai hankali duk yana cikin sanyi, ga ubana ɗan shekara tamanin da ɗoriya yana yawo a waje da allura a jiki da ciki wayam.

Da ma ban san magani ba, da na fi samun sauƙi. Na san yadda abin yake zuwa. Gumi ne farko, sai rawar hannu, sai ruɗewa, sai mutum ya fara tangaɗi yana magana ba kai, masu wucewa su ɗauka maye ne su ratse. Daga nan sai ya nemi wuri ya zauna. Wanda ya zauna a wannan halin, in ba a kai gare shi ba, ba ya tashi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na shiga masallacinmu, na leƙa ɓangaren maza ba kunya, ladan ya ce yau bai gan shi ba. Na bi rumfunan jiran bas masu na'urar sanyi ɗaya bayan ɗaya. Na sauka tashar metro ta Al Rigga, na nuna wa ma'aikata hoton, suka girgiza kai. Duk wanda na gani zaune a gindin bango sai gabana ya faɗi, in matsa in ga wani ne. A bakin wani shagon canji na hango tsoho da jallabiya ruwan toka, na ruga na kama hannunsa, ya juyo, ashe Basudane ne. Ya ga fuskata bai yi fushi ba, ya yi mini addu'a da Larabci. Addu'ar ce ma ta sa ni kuka.

Ina tafe ina lissafin abin da zan gaya wa Rilwanu. Shi da sauran ƙannena ne suka ce a bar Baba a Kaduna inda kowa ya san shi, inda ko ya fita mai shayi zai riƙo hannunsa ya dawo da shi. Ni ce mai bakin cewa a nan likitoci suke. Ga shi na kawo shi garin da ko sunan titinmu bai iya faɗa ba.

La'asar ta kusa muka haɗu da Alhaji Mijinyawa a inuwar wani bene. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, wayoyi biyu a hannu.

"Hajiya, waya ta ƙi hutawa, amma duk shirme," ya ce. "Wani ya ga tsoho a unguwar Naif, ashe ɗan Chadi ne. Wani ya ce Karama, na ce ina shi ina Karama da ƙafa. Har wani Ba'indiye mai shagon sifiku a nan bayan Rigga ya kira ni tun ɗazu, wai ga wani tsoho baƙar fata a shagonsa. Na ce me ya sa? Ya ce farar kwat, da ɗan baƙin abin wuya mai kamar malam-buɗe-littafi, yana ta zuba Turanci. Na ce habibi, ɗan'uwa, ba namu ba ne. Duk da haka na ce tambaye shi, 'yarka Maimuna ce? Ya ce mutumin ya juya masa ƙeya, ko uffan bai ce ba. Khalas, shi ke nan, na ce a ba shi ruwa ya kama gabansa."

Na juyo na dube shi.

"Ya juya ƙeya?"

"Haka ya ce."

"Alhaji, ni ce 'yar fari."

Bakano ne, bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi na ɗauka Rilwanu ne babba. To amma kwat fa? Alhaji Sanda da kwat?"

Na kira Mahfuza na ce ta jawo akwatin Baba. Ina jin ƙarar zip, sannan ta ce: kwat ɗin babu, ɗan ƙarfen babu, jallabiyar ga ta nan a ninke a ƙarƙashin matashi, hular a kanta.

"Da ka tambaye shi Turai ko Mubashir, da ya amsa maka har da sunan makarantarsu," na ce wa Alhaji Mijinyawa. Na san ba laifinsa ba ne, amma a lokacin ba ni da wanda zan sauke wa sai shi. "Kai da kake Bahaushe, ka sa baƙo ya tambayi dattijo sunan 'yarsa?"

Ya ce, "Yalla, mu je," muka kama sauri.

Shagon ƙarami ne, sifiku jibge har rufi. Mai shi dattijo ne mai furfura, da ya ga hoton ya dafe kai. Da Turanci ya ba mu labari. Ya ce yana gwada wata sifika ne tsohon ya shigo, tsaf da shi kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya saurara kaɗan, ya ce wannan ba kiɗa ba ne, gwangwani ake bugawa. Ya tambaya ko akwai jaz irin na manyan ƙungiyoyi. Mai shagon ya lalubo a waya ya sa masa.

"Madam, na daɗe ina sayar da sifika," ya ce, "ban taɓa ganin wanda ya saurari abu haka ba. Ya rufe ido. Yana nuna mini da yatsa, ga waɗannan sun shigo, ga waɗancan za su amsa, kuma kafin su amsa ya riga ya sani. Ya ce in kashe fanka tana cinye garayar. Ya yi dariya, ya yi hawaye. Ni kaina yau na fara jin kiɗan nan."

"Jikinsa fa? Yana gumi?"

"Sosai. Hannunsa na rawa. Na ba shi kujera ya ƙi, na ba shi shayi mai suga ya ce ba a busa da zaƙi a baki. Ruwa kawai ya sha. Da abokinku ya ce ba naku ba ne, sai ya ce mini ya makara, ana jiransa a bayan tasha, shugabansu ba ya son latti. Ya tambaye ni ina tasha. Na nuna masa hanyar metro."

A bayan tasha. Ni kuwa ciki na sauka ina nema.

Bayan manyan gine-ginen Al Rigga wata duniya ce daban. Lunguna ne da filayen rairayi da ake ajiye motoci, da ɗakunan wutar lantarki, da injinan sanyi jere a bango suna huro zafi suna ruri. Nan ya fi ko'ina zafi a unguwar, kuma babu mai bi sai direbobi. Muka rabu, ni dama, shi hagu.

"Baba! Baba!"

A garin nan kowa baba ne. Wani direba ya leƙo daga mota, ya ga ba da shi nake ba, ya koma. Ina jiyo Alhaji Mijinyawa can yana ƙwala, "Alhaji Sanda! Alhaji Sanda!" Babu amsa sai rurin injina. Na duba ƙarƙashin motoci. Na duba bayan kwandunan shara, ina addu'a kada in gan shi a can, ina addu'a in gan shi. Motocin sun fi ɗari, kuma filin da na gama da shi sai in ga wani a bayansa. Rana ta fara karkata amma zafin ko gezau. Tun safe rabonsa da abinci. Na san ko yana jin mu, da wuya ya iya ɗaga murya.

Na tsaya a tsakiyar fili, numfashina na fita da ƙyar. Sai na tuna cewa wanda muke kira ba ya nan. Yau babu Alhaji, babu Baba. Saurayi ne mai farar kwat da ya makara zuwa wasa, kuma ba zai waiwayo don an kira wani tsoho ba.

Na ciro waya na kunna faifan Zakarun Tasha, na ƙure murya, na ɗaga sama. Injinan suka haɗiye shi, ni kaina da ƙyar nake ji. Na kashe.

Ban taɓa yin fito ba a rayuwata. Na tsuke baki na hura, iska kawai ta fito. Leɓɓana sun bushe sun tsage. Na kurɓi ruwan gorar da ke jakata, wanda ya zama kamar na shayi, na sake. Wani ɗan sauti ya fito kamar na ɗan tsako. Alhaji Mijinyawa ya iso, ya tsaya yana kallona.

"Hajiya, fito kuma? Lafiya?"

"Don Allah Alhaji yi mini shiru."

Na sake, na sake. Wasu direbobi da ke zaune a inuwar wata babbar mota suka daina hira suka zuba mini ido, mace da hijabi a tsakiyar fili tana fito. Da Inna na nan da ta cika alkawarinta. Can sai ya kama, siriri mai kaifi, irin wanda ke ratsa hayaniya. Na hau sama sau ɗaya, na hau na biyu. A wurin tsayawar nan numfashina ya ƙare, na kasa gangarowa.

Sai aka gangaro mini da shi.

Daga hagu ya fito, can ƙasa, wani sauti mai rauni kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Ya sauko a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda yake a faifan, bai kuskure ko ɗaya ba.

"Kin ji?" in ji Alhaji Mijinyawa. Ni na riga na ruga.

Yana zaune a ƙasa a wani matsatsin wuri tsakanin ɗakin wuta da wata farar motar kaya, inda na wuce ɗazu ban leƙa ba. Bayansa jingine da bango mai zafi kamar tanda. Farar kwat ɗin ta jiƙe ta kwashi ƙasa, takalmi ɗaya ya fita, abin wuyan ya karkace. Bakin ƙahon yana kan leɓensa, ya riƙe shi da hannu biyu don ɗaya ba zai iya ba. Idanunsa a buɗe amma ba su tsaya a kaina ba.

Na durƙusa, na yage ledar zuma da haƙori, na zare ƙarfen daga bakinsa, na shafa masa zumar a cikin kumatu da yatsa. Jikinsa sanyi ƙalau da gumi a cikin wannan zafin, abin da na fi tsoro ke nan. Na ƙara wata. Alhaji Mijinyawa yana kiran motar asibiti da hannu ɗaya, ɗayan ya cire hularsa yana yi masa fifita, yana ta salati. Direbobin nan suka taso da kwali suka yi mana inuwa, wani ya kawo ruwan sanyi muka zuba masa a wuya. Ina ta cewa, "Haɗiye, Baba, haɗiye," har na ga maƙogwaronsa ya motsa.

A cikin motar asibitin suka cire masa kwat, suka sa masa ƙarin ruwa. Sanyin motar ya sa na fara karkarwa. Ma'aikaciyar, wata 'yar Filifin mai saurin hannu, ta jira har idonsa ya fara washewa, sannan ta shiga yi masa tambayoyi da Turanci don ta gane ko hankalinsa ya dawo.

"Yaya sunanka?"

"Sanda," ya ce. "Ƙaho na ɗaya."

"Ka san inda kake?"

"Kaduna. Bayan tasha."

Ta dube ni, na ce ta ci gaba. Ta nuna Alhaji Mijinyawa da ke tsaye a bakin ƙofar motar riƙe da takalmin Baba. "Wannan fa?"

Baba ya ƙare masa kallo. "Ban san shi ba. In mai ganga ne ya makara."

Sai ta dafa kafaɗata. "Wannan matar fa? Yaya sunanta?"

A lokacin na tuna da katin. Tun daga kanti yake maƙale a gaban hijabina, ban cire ba, sunana a rubuce da manyan baƙaƙe. Na kai hannu zan rufe, na ga na makara. Idon Baba, sabon idon nan da ba ya barin ko kwalin madara, ya riga ya sauka a kai. Na ga yana bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Duk tsoron da na sha a yinin nan bai kai na wannan ɗan lokacin ba. Leɓensa ya motsa.

Ya ɗago ya dubi fuskata. Sannan ya kawar da kai wajen bangon motar, hannunsa mai allurar ƙarin ruwa ya tashi a hankali zuwa goshi, yana laluben hular da babu ita.

"Ana zafi bana," ya ce da Hausa.

Ma'aikaciyar ta matse mini hannu. "Yi haƙuri, bai gane ki ba tukuna. Wani lokaci yakan dawo."

"Ya gane ni," na ce mata. "Rubuta ya gane ni."

Ta dube ni kamar ni ma zafin ya taɓa ni. Ban tsaya yi mata bayani ba. Na goge bakin ƙahon da gefen hijabina, na sa masa a tafin hannu, na naɗe yatsunsa a kai.

"Ana yi, Baba," na ce. "Wallahi ana yi."